Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Kwamishinan Lafiya na Jihar Kano: an auna mu, ina maganin?

Mai girma Kwamishina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya taya ka riƙon amanar da aka ɗora maka, ya haɗa ka da mashawarta na gari, ya sa ka gama lafiya.

Ni malamin makaranta ne mazaunin birnin Kano, ba likita ba, ba ɗan siyasa ba. Ina da majinyaci a gida, kuma zaman layin asibiti ya haɗa ni da mutane da yawa da ciwonmu ɗaya. Da yawunsu nake magana: masu hawan jini da suka san suna da shi amma kuɗin magani na kowane wata ya fi ƙarfinsu, da iyalan da ke ɗawainiya da wanda ɓarin jikinsa ya shanye ko ƙodarsa ta daina aiki, da kuma waɗanda suka fi mu yawa, masu kwana da tashi da ciwon a Kwari da Singa da Dawanau da gonakin karkara ba tare da sun sani ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wannan. Daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba na 2024, kwamishinonin lafiya na jihohin Najeriya suka haɗa kai suka yi gangamin auna hawan jini da suga kyauta, da burin kaiwa ga mutum miliyan 10. Haka kuma duk ranar 17 ga Mayu, ranar hawan jini ta duniya, akan kafa rumfa a auna mutane, a yi jawabi, gidajen rediyo su ɗauka. Aiki ne mai kyau, Allah ya saka da alheri. Amma ranka ya daɗe, mutumin da aka auna aka ce jininsa 170 bisa 100 ne, aka rubuta masa a 'yar takarda aka ce ya je asibiti, ina ya kwana? Wa ya bi sawunsa? Wa ya san ko ya fara shan magani, ko ya fara ya daina? Awo yana sanar da mutum ne kawai cewa yana cikin haɗari. Abin da ke fitar da shi daga haɗarin ƙwaya ce da zai haɗiya kullum har iya rayuwarsa, kuma a nan ne aka bar mu mu kaɗai.

Na san ma'aikatarka cike take da likitocin da suka fi ni sanin wannan ciwo nesa ba kusa ba. Sai dai wasiƙar a buɗe take, jama'a za su karanta, don haka a yi mini uzuri in maimaita abin da likitoci suka koya mana bayan da ciwon ya riga ya shigo gidanmu.

Zuciya tana harba jini cikin jijiyoyi dare da rana. Lambar sama a awo ita ce ƙarfin da jini ke dukan bangon jijiya lokacin da zuciya ta matse. Ta ƙasa kuwa ƙarfin da ya rage ne lokacin da ta saki kafin bugu na gaba. Mai lafiya yakan tsaya wajen 120 bisa 80. Idan aka auna mutum a ranaku biyu daban-daban aka ga ta sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, to yana da hawan jini. Duk wanda ya taɓa noman rani a Kadawa ya san abin da ke faruwa in aka bar injin ban ruwa yana tura ruwa da ƙarfin da ya fi na tiyo: ba ranar farko tiyon zai fashe ba, amma yana ci ta inda ba ka gani, injin ma yana jigata. In jijiyar ƙwaƙwalwa ce ta fashe ko ta toshe, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Zuciya kuwa, saboda turin da take yi shekara da shekaru, sai namanta ya yi kauri, daga baya ta gaza. Ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya, mutum ya kasa kwanciya sai an tara masa matasai. Ƙananan jijiyoyin da ke tace jini a ƙoda su lalace a hankali har a kai ga wankin ƙoda. Na bayan ido su ma su lalace, gani ya dinga raguwa.

Muguntar ciwon ita ce yawanci ba ya ciwo. Mutum zai yi shekara goma jininsa na sama, yana cin tuwonsa, yana zuwa kasuwa, yana sallah a tsaye, ba ya jin komai. Ciwon kai da jiri da mutanenmu ke jira su ji kafin su ce jininsu ya hau ba abin dogaro ba ne. Kuma ba ciwon tsofaffi kaɗai ba ne, ba na masu kuɗi ko masu teɓa kaɗai ba. Gado yana ciki, da shekaru, da yawan gishiri, da ƙiba, da rashin motsa jiki, da taba, da ciwon suga, da ciwon ƙoda. Ɓacin rai yana ɗaga shi, gaskiya ne, amma wanda ba shi da damuwar komai ma yana iya samunsa.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya ce babban mutum ɗaya cikin uku a duniya yana da hawan jini, yawansu ya ninka daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun kulawar da ta dace. Namu ya fi muni. Wani nazari da aka wallafa a 2021 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 27.5 ne ke da ciwon a 2020. A cikin kowane 100 daga cikinsu, 29 ne suka san suna da shi, 12 ke shan magani, waɗanda jininsu ya sauka inda ake so kuwa ba su kai 3 ba. Wani binciken da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, aka wallafa a 2018, ya danganta kusan kashi 90 cikin 100 na shanyewar ɓarin jiki da hawan jini. Dubi tazarar da ke tsakanin 29 da 3, ranka ya daɗe. Waɗannan mutane ne da aka riga aka gano, aka gaya musu, sannan suka zube a hanya. A kansu nake rubutu.

Kukanmu na farko, kuma mafi girma, magani ne. Maganin hawan jini ba irin na zazzaɓi ba ne da za a sha kwana uku a warke. Yana riƙe jinin ne muddin ana shansa, ranar da aka bari kuma jinin ya koma inda yake. Don haka yankewarsa ita ce babbar masifa, kuma yankewar ce ta zama ruwan dare. Ka je asibitin sha-ka-tafi na unguwa, a duba ka, a rubuta maka, a ce babu a ɗakin magani, je ka saya a waje. A waje kuma, tun da aka cire tallafin mai aka saki naira a 2023, farashin magani ya tashi bai sauko ba. A watan Yuni na 2024 Shugaban Ƙasa ya sa hannu a dokar cire haraji kan kayan haɗa magunguna, amma mai sayen kati ɗaya a kemis har yau da kyar yake iya saye.

Yayana tela ne, shekarunsa sun ɗan haura 50. An gano yana da hawan jini, aka ɗora shi a kan magani, jinin ya sauka, ya ci gaba da ɗinkinsa. Da abubuwa suka yi tsada, asibitin da yake zuwa ya daina samun maganin, sai ya koma sayen kati-kati a kemis. Daga nan ya fara shan ɗaya yau ya tsallake gobe don katin ya daɗe. Da lokacin kuɗin makarantar yara ya zo, ya bari gaba ɗaya, yana cewa ai ba ya jin komai, in an samu sarari zai koma. Wata safiya bayan asuba yana karin kumallo, kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa, bakinsa ya karkace, yana so ya kira matarsa maganar ta ƙi fita. Yau hannunsa na dama ba ya riƙe almakashi. Keken ɗinkinsa yana nan a shago an lulluɓe shi da tsohon zani. Babban ɗansa ya ajiye karatu yana neman abin da za a ci, matarsa ce ke juya shi, ta yi masa alwala, ta ba shi abinci a baki. Kuɗin da muka kashe a makon farko kaɗai, tsakanin hoton ƙwaƙwalwa da gado da allurai, ya isa ya saya masa maganin shekaru. Gida guda ke nan. Ka shiga kowane lungu a Kano ka tambaya, za a nuna maka irinsa.

Wanda ciwon ya taɓa ƙodarsa kuwa, nasa ya fi haka. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da rage kuɗin wankin ƙoda daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta. Mun yi murna. Amma majinyaci yana buƙatar wanki sau biyu ko uku a mako. Ko da a sabon farashin, sau biyu a mako naira 96,000 ne a wata, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sanar a Kano a 2024 naira 71,000 ne. Ban da kuɗin mota, ban da ƙarin jini, ban da magani. Shi ya sa kullum ake jin neman taimako a masallatai da rediyo da Facebook, a sayar da fili, a sayar da gona, daga ƙarshe a yi jana'iza. Gwamnatin da ke neman kuɗin sayen injinan wanki ya kamata ta fara duba ƙwayar da za ta rage masu zuwa layin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne jihar nan ta san yadda ake yi. Mai tarin fuka yana karɓar maganinsa kyauta, in bai zo ba a kira shi a waya, wani lokaci a bi shi har gida. Mai ɗauke da cutar ƙanjamau yana karɓar maganin watanni a lokaci guda. Shan inna kuwa, gida-gida aka bi, da hakimai da dagatai da masu unguwanni da malamai, har aka tabbatar a watan Agusta na 2020 cewa ƙwayar cutar ta daji ta bar Afirka. Shi kansa hawan jinin, a 2020 aka fara wani shiri a wasu asibitocin matakin farko na Kano da Ogun, da haɗin gwiwar Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da Hukumar Lafiya ta Duniya. Tsari ne mai sauƙi: a fara da amlodifin ƙwaya ɗaya a rana, in bai sauka ba a ƙara losatan, a bi mataki-mataki, kuma ma'aikacin lafiya na al'umma da aka horar zai iya yi ba sai an jira likita ba. Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484. Me ya hana abin da aka gwada a wasu asibitoci ya isa kowace mazaɓa?

Kuka na biyu awo ne na yau da kullum, ba na ranar biki ba. A asibitocin unguwa da dama da muke zuwa, babba zai shiga da zazzaɓi ko ciwon baya ya fito ba a ɗaura masa abin awo ba. In ka tambaya a ce batir ya mutu, ko robar ta fashe, ko guda ɗaya ne kuma yana ɗakin awon ciki. Inda ake aunawar ma, sau da yawa mutum ya sauko daga adaidaita sahu cikin rana, yana haki, a ɗaura masa a kan hannun riga yana magana. Ƙa'ida ita ce ya zauna ya huta minti biyar, bayansa a jingine, hannunsa a ɗore daidai da zuciya, ba ya magana, kuma maɗaurin ya dace da kaurin damtsensa. In ba a bi wannan ba, sai a ɗora mai lafiya a kan magani, ko a sallami marar lafiya a ce lafiyarsa ƙalau. Ban ga laifin ma'aikaciyar da take ita kaɗai a kan mutum ɗari ba. Laifin na tsarin da ya bar ta haka ne.

Na uku, babu mai yi wa majinyaci bayani. Minti biyu ne a gaban mai dubawa, a rubuta, a kira na gaba. Ba a gaya masa cewa maganin na har abada ne. Ba a gaya masa cewa amlodifin kan kumbura idon sawu ga wasu, wani maganin kan sa tari, wani kuma yawan fitsari da ke wahalar da mai son riƙe alwala, kuma duk ana iya canza su in ya dawo ya faɗa. Sai ya ga ƙafarsa ta kumbura ya ce maganin bai karɓe shi ba, ya ajiye. Akwai kuma maganar da maza ke yi a majalisa amma ba sa yi a gaban likita: wai maganin hawan jini yana rage ƙarfin namiji. Da yawa sun daina sha saboda wannan. Da an zaunar da su an gaya musu cewa hawan jinin kansa ne ke lalata jijiyoyin wurin, kuma in wani magani ya kawo matsala akwai madadinsa, da ba su bari ba. Haka azumi: mutane da yawa suna ajiye magani wata guda cur, alhali ƙwayar da ake sha sau ɗaya a rana ana iya shanta da sahur ko bayan buɗa baki bisa shawarar likita.

Inda hukuma ta yi shiru, wasu ne ke magana. Mota da lasifika tana zagaya kasuwa da tasha tana tallan jarkar da ke “warkar da hawan jini har abada”. Ana jin irin tallan a wasu gidajen rediyo. Talaka da ya gaji da sayen ƙwaya kowane wata, aka ce masa ga wanda zai sha sau ɗaya ya huta, me kake zaton zai yi? Ga kuma haɗin maganin ciwon jiki da leburori da 'yan dako da dattawa masu ciwon gwiwa ke saye kullum, mai ɗauke da diklofenak ko ibufurofen, waɗanda ke ɗaga jini su kuma cuci ƙoda in aka daɗe ana sha. Sannan ranar da mutum ya faɗi, sai a ce iska ce ko jifa, a shafe kwanaki a gida ana hayaƙi da shafe-shafe. Ina da yaƙini da addu'a, kuma ba na raina ta. Amma addu'a ba ta hana ɗaukar mutum zuwa asibiti, ana iya yinta a cikin mota. Awannin farko su ne ke raba wanda zai tashi da wanda zai kwanta. Kuma wanda ɓarin jikinsa ya shanye sau da yawa ba ya iya haɗiya, in aka ɗura masa ruwa ko rubutu sai ya wuce huhu. Wannan bayani bai fi minti ɗaya ba a rediyo, amma mutane nawa suka taɓa jinsa?

Na huɗu, matanmu. Hawan jini na masu juna biyu yakan bayyana bayan ciki ya wuce mako 20. Alamominsa matsanancin ciwon kai, da gani dishi-dishi, da kumburin fuska da hannaye, da ciwo a saman ciki. In ba a tare shi ba sai ya kai ga jijjiga, wadda tana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa a Arewa. A nan ma Kano ta taɓa nuna wa duniya abin da za a iya. A 2008 aka shigar da allurar magnesiyam salfet manyan asibitoci 10 na jihar, aka horar da ma'aikata, mutuwar matan da suka zo da wannan larura ta sauka daga kashi 20.9 zuwa 2.3 cikin 100. Allura ce mai araha. Amma macen ƙauye da ta fara jijjiga da tsakar dare, asibitin da ke kusa da ita yana da allurar? Akwai wanda ya iya yinta kafin a tura ta gaba? Bayan haihuwa kuma, sai hankali ya koma kan jariri da rigakafinsa, uwar ba mai sake auna ta, alhali jijjiga tana iya zuwa bayan an sauka, kuma wadda ta yi hawan jini a ciki ta fi kusa da samunsa daga baya. Tana gida tana wankan jego tana shan kunun kanwa, ita kuwa kanwa sinadarin da ke cikin gishiri yana cikinta. Akwai kuma matar da take shan losatan tun kafin ciki, ba wanda ya gaya mata cewa ba a shansa da juna biyu, dole a canza mata zuwa irin su metildofa ko nifedifin.

Na biyar gajere ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Tukunyar miyarmu kuwa ana zuba gishiri, a marmasa dunƙule, a ƙara farin magi, a kawo yaji a gefe. Uwargida ba mugunta take yi ba, ba wanda ya taɓa gaya mata cewa duk abu ɗaya take tarawa.

Mai girma Kwamishina, ga abin da muke roƙo.

A sa maganin hawan jini na matakin farko cikin magungunan da ba sa yankewa a kowane asibitin mazaɓa, kyauta ga marasa ƙarfi da tsofaffi, a farashin sari ga saura. Hanyoyin kuɗin suna nan. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusun marasa galihu. Jihar tana da hukumar taimakekeniyar lafiya ta KSCHMA, tana da asusun tallafa wa kiwon lafiya na KHETFUND, tana da hukumar sayo magunguna da rarraba su. In hukumar ta sayi amlodifin da losatan da yawa kai tsaye daga masana'anta, kuɗin kowace ƙwaya zai sauka ƙwarai. Wanda jininsa ya daidaita kuma a ba shi na wata uku a lokaci guda, kada kuɗin mota ya fi kuɗin magani.

A buɗe rajista a kowane asibiti, da sunan majinyaci da lambar wayarsa da ranar dawowarsa. Wanda bai zo ba a kira shi. Wanda bai ɗauka ba a tura masu wayar da kai na unguwa, waɗanda suka riga suka san kowane gida tun zamanin allurar shan inna. Daga yau kuma, duk gangamin awo da za a yi, kada a kafa rumfa sai da magani a kan tebur da sunan asibitin da zai karɓi mutum.

A fitar da umarni cewa duk babban da ya shiga asibitin gwamnati, ko da ciwon haƙori ya kawo shi, sai an auna shi. A ba kowane asibiti na'urori masu inganci aƙalla biyu, da maɗauri babba da matsakaici, da kuɗin batir a rubuce cikin kasafi. A horar da ma'aikatan lafiya na al'umma, a ba su izinin fara magani bisa tsarin da aka riga aka gwada a jihar nan. Masu kemis na unguwa, tunda wurinsu talaka ke fara zuwa, a jawo su jiki: a koya musu awo da turawa asibiti, a kuma ja musu kunne kan haɗin maganin ciwon jiki.

Duk asibitin da ake haihuwa a cikinsa ya kasance yana da magnesiyam salfet da wanda ya iya yinta dare da rana, da abin gwada fitsari. Ranar da aka kawo jariri rigakafi, a auna uwarsa. A koya wa ungozomomin gargajiya alamomin haɗari, su ne ke tare da mace a ɗaki.

A ware lokaci a gidajen rediyon jiha kowane mako, likita ya zauna ya amsa tambayoyi da Hausar da kakata za ta gane, har da tambayar da maza ke jin nauyin yi. A zauna da limaman Juma'a da malaman Islamiyya da masarauta. Malamanmu sun san hadisin da ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. A ba su bayanin likita su haɗa da shi, su gaya wa jama'a alamomi uku: baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta harɗe, to a nufi asibiti nan take. Ma'aikatarka kuma ta haɗa kai da NAFDAC da masu gidajen rediyo a dakatar da tallan duk wani magani da ke iƙirarin warkar da hawan jini.

Waɗanda ciwon ya riga ya kayar, kada a manta da su. A samar da sashen gashi, wato motsa gaɓoɓin da suka shanye, a manyan asibitocin ƙananan hukumomi, don ɗauko shanyayyen mutum daga Doguwa ko Tudun Wada zuwa birni kowane mako ya fi ƙarfin yawancin iyalai, kuma da yawansu za su iya sake takawa in sun samu gashi da wuri.

Roƙo na ƙarshe: a riƙa faɗa mana gaskiyar lissafi. Duk wata shida ma'aikata ta fito ta ce ga yawan masu hawan jini da aka yi wa rajista a kowace ƙaramar hukuma, ga waɗanda ke karɓar magani, ga waɗanda jininsu ya sauka ƙasa da 140 bisa 90, ga asibitocin da magani ya yanke musu da tsawon lokacin da ya yi a yanke. Da wannan ne Majalisar Dokokin Jiha da 'yan jarida da mu masu jinya za mu san inda aka kwana. Muna roƙon a fara da waɗanda aka gano a gangamin 2024: nawa ne a Kano, kuma nawa ne cikinsu ke shan magani a yau?

Muna jiran amsarka a bainar jama'a, da Hausa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Wassalam.

Naka,
Malamin makaranta mai jinyar ɗan'uwa,
a madadin masu hawan jini da iyalansu,
Kano.